Ajin da Ya Ƙi Zama

Ban san ana girmama malamin makaranta ba sai da na bar ƙasarmu. Barin ƙasar ma ba wata doguwar tafiya ba ce. Garinmu yana kudu da kogin Komadugu, Diffa tana arewa da shi, kuma da rani akwai mashigar da jaki ke hayewa ba tare da ruwa ya taɓa cikinsa ba. Amma a takarda ƙasar waje ce. Mahaifiyata ta shaida wa duk unguwa cewa ɗanta ya tafi koyarwa ƙasar waje, ba ta kuma ga dalilin yi musu ƙarin bayani ba.

A gida na yi shekaru ina koyar da Turanci a sakandare. A can, idan aka tambaye ka aikinka ka ce koyarwa, mai tambayar yakan sassauta murya ya ce "Allah sarki", kamar ka gaya masa an yi maka rasuwa. A tasha, ɗan kamasho yakan duba takalminka ya tura ka kujerar baya, kusa da buhunan albasa. Idan ka shiga aji, yara su ci gaba da hirarsu, sai ka bubbuga tebur har tafin hannunka ya yi ja, sannan wani ya waiwayo ya ga ko wane ne ke damun mutane.

Wanda ya kawo ni Diffa wani Alhaji ne ɗan Damagaram, ɗan kasuwa da ya yi arziki da tattasai da bandar kifi, daga baya ya buɗe makarantar kuɗi, wadda a can ake ce wa lakwal. Yana neman malamin Angile, wato Ingilishi, kuma na asali yake so, wanda ya sha harshen daga tushe. A saninsa tushen Ingilishi Najeriya ne. Ban gyara masa ba. Ya aiko mota har ƙofar gidanmu ta ɗauke ni da akwatin littattafaina.

Ranar farko darakta ya raka ni ajina. Ina sa ƙafa, sai na ji wata ƙara kamar an jefar da katakai: duk ajin ya miƙe tsaye lokaci guda, suka gaishe ni da Faransanci da murya ɗaya. Na waiwaya in ga wane babban mutum ne ya biyo bayana. Ba kowa, sai darakta yana murmushi. Na ajiye littafi, na ɗauki alli, na rubuta kwanan wata, na juyo. Suna nan tsaye.

Darakta ya matso ya ce mini a kunne, "Mushe, ba za su zauna ba sai ka ba su izini."

Mushe ake kiran malami a can, daga kalmar Faransanci. A garinmu sunan abin da ungulu ke ci ne, amma mutumin da aji ya miƙe wa ba ya gardama a kan ƙananan abubuwa. Na ɗaga hannun dama, na sauke shi a hankali, tafi yana kallon ƙasa. Suka zauna.

Daga baya na fahimci ƙa'idar. Ba kowa suke miƙe wa ba. Maigadi ya shigo, ba sa motsi. Uban yaro ya leƙo, ko da kanar ne, sai su gaishe shi a zaune. Malami suke miƙe wa, kuma idan sun miƙe, hannun malamin ajin kaɗai ke zaunar da su. Na karanta labarai da yawa a kan yadda mulki ke lalata mutum, kuma ina tsammanin sai mai sojoji abin ke kamawa. Ashe aji guda ya isa. Na kama kaina ina jinkirta sauke hannun, ina gyara hula, ina duba taga, don dai abin ya ƙara ɗan tsawo.

Girman bai tsaya a aji ba. Rabin yaran 'ya'yan ma'aikata da sojoji ne da aka turo daga yamma, sauran na 'yan kasuwa da manoman tattasai na bakin kogi. A shingen jandarma ana sauke kowa daga mota, ni kuwa sai su sara mini su ce, "Mushe Angile, wuce." Idan an girbe tattasai, ɗakina yakan cika da shi har in riƙa atishawa cikin salla. A ƙofar shagon Alhaji, inda ake dafa shayi bayan la'asar, kofin farko, mai ɗaci da kumfa, ni ake miƙa wa, gaban wani tsohon ma'aikacin kwastan da ya girme ni nesa. Ba wasa nake yi ba idan na ce na ji daɗi. Na yi ƙiba. Na soma tafiya a hankali.

Sai rikici ya ci hayinmu. Mutane suka riƙa ƙetaro kogi da ƙunshi a ka, wasu ko ƙunshin babu. Suka cika gefen titi da rumfunan kara da leda, aka kwashe wasu zuwa Sayam, inda aka kafa sansani. Da, idan aka ce ɗan Najeriya a Diffa, ana nufin mai kawo kaya ko mai sayen tattasai. Yanzu aka samu sabuwar kalma, refije, kuma ana faɗinta ne da irin muryar da ake cewa fara ta sauka a gona.

Wata rana a wurin shayi aka yi ta zaginsu: sun tsadar da hatsi, sun cika asibiti, ba a san na kirki a cikinsu ba. Na ajiye kofina na ce ai ni ma ɗan can ne.

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya. "Haba Mushe! Kai ba irinsu ba ne. Kai mota ta kawo ka."

Aka yi dariya, aka ƙara mini shayi.

A ranar wata kasuwa na gamu da hedimastanmu na firamare. Na wuce shi, sannan wani abu a tsayuwarsa ya dawo da ni. Yana tsaye kusa da masu sayar da tabarma, hannayensa a baya, yana kallon kasuwar kamar taron yara da bai yi layi daidai ba. Rigarsa ta koɗe har ba ta da launi, kafaɗa ɗaya an ɗinke ta da zaren buhu. Takalman ƙafarsa ba 'yan gida ɗaya ba ne.

Shi ya koya mini baƙaƙe. A zamaninsa, kafin abubuwa su lalace, mu ma muna miƙe wa malami, kuma shi ba ya cewa a zauna. Hannu yake ɗagawa ya sauke a hankali, makaranta gaba ɗaya ta durƙushe kan benci. A tsaye a kasuwar nan na gane inda na samo nawa hannun.

Na tube takalmi na durƙusa. Masu tabarma suka tsaya kallo, don ba su taɓa ganin Mushe Angile a ƙasa ba.

Ya dube ni ya ce, "Kai ne mai rubuta harafin bi a juye?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka gyara?"

"Na gyara, Baba. Koyarwa ma nake yi."

"Allah ya ji ƙan yaran," in ji shi, sannan ya kama hannuna ya tashe ni.

Na kai shi ɗakina, na sa aka kawo abinci. Ya ci kaɗan. Makarantarsa an ƙone ta, gidansa yana cikin makarantar, takardunsa suna cikin gidan. Matarsa ta riga ta rasu kafin abin, kuma ya ce wannan ita ce dabara ɗaya da ta taɓa fin sa. A sansani ya je makarantar da aka buɗe wa yara ya gabatar da kansa, wani saurayi mai riga da tambari ya ce masa ya je ya huta, ya nuna masa layin tsofaffi.

Na ce ya zauna wurina. Na ce zan ɗinka masa kaya.

Ya ce, "Ba abinci nake nema ba, ɗana, ana ba mu. Ana ba mu bargo, ana ba mu bokiti. Bokitina uku, ban san me zan zuba a ciki ba. Aji nake so. Ko ɗaya, ko na ƙanana. In shiga, a tashi, in koyar, in fita. Ka faɗa wa mai makarantarku ba sai ya ba ni komai ba."

Na je wa Alhaji da maganar. Ya saurare ni da kai a sunkuye, kamar yadda yake sauraren liman, sannan ya ce abin ya taɓa masa zuciya, amma insifekta, mai duba makarantu, ba ya yarda da malami marar takarda. Na ce takardun sun ƙone. Ya ce shi ya sa.

Watanni suka wuce. Tsohon ya koma Sayam, yana zuwa ranar kasuwa idan ya samu mota, ya sha ruwa a ɗakina, ya ɗauki littafi guda, ya dawo da na baya. Ba ya tambayata. Yakan dai dube ni lokacin tafiya, ni kuma in ce ana nan ana ƙoƙari.

Sai wata safiya Alhaji da kansa ya zo har ƙofar ajina, abin da bai taɓa yi ba.

"Mushe, tsohon nan naka, yana nan da rai?"

'Yan furoje ne za su zo, wato ma'aikatan agaji, har da wata Banasariya daga ƙasar Turawa. Suna neman makarantun da suka rungumi 'yan gudun hijira, yara da malamai, don a gina musu ƙarin azuzuwa. Yara muna da su, kaɗan. Malami ne babu. Alhaji ya ce idan an yi sababbin azuzuwa, ɗaya na tsohon ne, takarda ko ba takarda.

Na aika masa. Ya iso kwana guda kafin ranar. Na ba shi farar shaddata da hula, ya ƙi yarda kowa ya goge masa, ya zuba gawayi a dutsen guga ya yi abinsa. Ya je wurin wanzami. Ya tambaye ni inda yaran suka tsaya a darasi, ya zauna ya shirya nasa, yana maimaita jimloli a hankali yana gyara wa kansa. Da safe da muka fito, wani jandarma ya sara mana, kuma ina da tabbacin ba ni ya fara kallo ba.

Alhaji yana tsakar makaranta yana sa a yayyafa ruwa. Ya hango mu, ya tsaya, ya riƙe baki.

"A'a, a'a, a'a. Mushe, wa ka kawo mini? Wannan ai minista ne."

Na ce shi ne hedimastan.

"Na sani. Sannu Baba, sannu da zuwa. Amma ku duba mini. Mutanen nan daga nesa suka taso don su ga refije. Idan suka gan shi haka, sai su ce mu muke da abin ba su. Ina kayan da ya hayo kogi da su?"

Kayan suna ɗakina, cikin leda. Aka tura maigadi da keke.

Na ce, "Alhaji, wannan mutumin shi ya koyar da ni."

"Shi ya sa kake da kyau, Mushe. Ai ba raini ba ne, aiki ne. Rabin yini ne kawai. Sannan Baba, don Allah, kada ka yi musu Angile. Ka yi Hausa ko Barbarci, Mushe ya juya. In kai ma kana Angile, to shi me zai yi? Kuma Nasara ba sa jin tausayin wanda ya iya harshensu."

Tsohon bai dubi Alhaji ba. Ni ya duba.

"Ajin yana nan?" ya ce.

Alhaji ya amsa, "Yana nan, wallahi, da zarar an gina."

Ya shiga ɗakin ajiyar tsintsiya ya sauya. Ya fito da shaddata a ninke bisa hannayensa biyu, ya miƙo mini, har da hular. Askin wanzami ne kaɗai ba a iya cirewa ba, Alhaji ya ce ba komai, ya ɗaura tsohon rawaninsa.

Kafin motocin su iso tsohon ya ja ni gefe. "Abu ɗaya zan roƙe ka. Ka bar ni in fara shiga. Ka ɗan tsaya a baya."

Na ce to.

Suka zo da fararen motoci, Banasariyar da wasu maza 'yan Yamai, da wani mai ɗaukar hoto da ya riga kowa shiga aji ya tsaya a lungu. Ba wanda ya gaya wa yaran komai, don Alhaji ya ce idan an gaya musu abin ba zai yi kama da gaskiya ba.

Tsohon ya shiga, hannayensa a baya, yana tafiya irin tasa. Daga inda nake ina hango ajin ta taga. Yaran suka ɗaga kai suka ga tsoho mai yagaggiyar riga. Irinsa suna gani kullum a bakin titi. Wata yarinya a gaba, 'yar wani kyaftin, ta janye jakarta daga hanya. Wani ya ce, "Baba, ofishin darakta yana can gaba." Ba wanda ya motsa daga benci.

Bai tsaya ba. Ya nufi allo, ya ɗauki alli, ya ba su baya.

Alhaji ya dafa kafaɗata ya tura ni. "Shiga mana, Mushe, baƙi na jira."

Ina taka bakin ƙofa, ajin ya miƙe da ƙarar nan tasa, suka yi gaisuwa da murya ɗaya.

Tsohon ya juyo daga allo. Ƙofar tana gefensa, bai gan ni ba. Abin da ya gani aji ne cike, a tsaye, a gabansa. Na ga kafaɗunsa sun buɗe. Na ga fuskar da na sani tun ina yaro ta dawo, har da ɗan ɗaure girar da yake yi don kada a ga daɗinsa. Ya bar su a tsaye ɗan lokaci, kamar yadda ya saba. Sannan ya ɗaga hannun dama ya sauke shi a hankali.

Ba su zauna ba.

Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa, a hankali fiye da na farko, kamar ko ba su gani ba. Idanun yaran duk suna kan ƙofa. Ya bi idanun nasu, ya same ni.

Ana ta ɗaukar hoto. Banasariyar ta dafa ƙirji. Na sauke hannuna, suka zauna.

Sauran bai daɗe ba. Ba a bar shi ya yi darasin ba, don baƙin suna da wata makarantar da za su je. Aka tsayar da shi a gaban allo ana yi masa tambayoyi, yana amsawa da Hausa, ina juya wa matar. Ta tambayi yadda ya tsere, ya faɗa a taƙaice. Ta tambayi yadda yake ji da aka karɓe shi a nan. Ya ce, "Ka ce mata yaran suna da tarbiyya." Na faɗa. A wani wuri na yi tuntuɓe a kan wata kalma, na ga leɓensa ya motsa zai gyara mini, sai ya haɗiye. Da za su tafi, matar ta riƙe hannuna ta ce ba ta taɓa jin Ingilishi mai kyau irin nawa a yankin nan ba.

Alhaji ya sa aka ba tsohon ƙunshin tattasai da kifi, aka kai shi tasha a mota. Shaddar ya ƙi karɓa.

An gina azuzuwan, masu rufin kwano da tagogin ƙarfe. Na koma wa Alhaji da maganar. Ya tashi tsaye ya ba ni kujerarsa, ya ce a kawo wa Mushe shayi, ya ce ni ne fitilar lakwal ɗin nan, sannan ya ce insifekta ya ƙara tsanani. Na sake komawa, ya sa aka saka mini fanka a ɗaki. Na koma na uku, ya ce daga yau ni ne shugaban malaman harsuna. Duk lokacin da na ambaci tsohon, sai girmana ya ƙaru. A Diffa na koyi cewa ana iya hana mutum abu ba tare da an taɓa ce masa a'a ba, sai dai a yi ta ɗaga shi sama har muryarsa ta daina isowa ƙasa. Ajin ƙananan aka ba wani ɗan ƙanen Alhaji, wanda ya koyi Angile a hannuna, kuma ni na san iyakar abin da ya koya.

A bikin ƙarshen shekara aka kira ni gaban iyaye, aka yafa mini babbar riga mai aiki, aka yi tafi, wani mai kalangu ya kira ni baƙon da ya fi ɗan gida. Rigar tana da kyau. Har yanzu ina sa ta.

'Yan furoje sun aiko da hoton, babba, an sa shi a gilashi a ofishin darakta. Tsoho ne cikin yagaggiyar riga, alli a hannu ɗaya, ɗaya hannun a sama, fuskarsa cike da haske, aji gaba ɗaya a tsaye a gabansa. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya a kansa ya yaba yadda yaran Diffa ke girmama malami, ko da refije ne. Ƙofa ba ta fito a hoton ba.

Tsohon ya daina zuwa kasuwa. Da hutu na samu ƙaramin kwafi, na shiga mota zuwa Sayam. Na same shi a inuwar rumfarsa, bokitan nan jere a gefe, ya rame. Na durƙusa na gaishe shi. Bai tambaye ni maganar aji ba, ni ma ban ce ana ƙoƙari ba. Na miƙa masa hoton.

Ya nisanta shi da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Wani maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, "Kai, Malam! Ashe da gaske ne ka koyar a birni?"

Tsohon ya ɗora yatsa a gefen hoton, inda takardar ta ƙare.

"Kai kana nan," ya ce.

"Ina nan, Baba."

"Har yanzu suna tashi?"

"Suna tashi."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo mini hoton, ya ce in tafi da shi, rumfar tana yoyo da damina.